Ciro Gubar Kuromiyam Daga Ƙasa da Wutar Lantarki: Ina Dabarar Za Ta Yi Aiki a Kwarin Gulbin Maraɗi?

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dabarar kafa sandunan lantarki cikin gurɓatacciyar ƙasa domin a janyo sinadarin kuromiyam wuri guda a kwashe shi, ta kuma auna dabarar da irin ƙasa da ruwa da wutar da ake da su a Sarkin Yamma da sauran garuruwan gundumar Madarunfa. Hujjar da ta tsaya a kai ita ce kuromiyam iri biyu ne, kowanne da inda yake dosa idan wuta ta ratsa ƙasa, kuma wanda ya kunna wuta bai san wanne ke gabansa ba yana iya mayar da mai sauƙin ya koma mai kisa. Dabarar ta dace da ɗan ƙaramin wuri mai yumɓu a fadama. Ba ta dace da gona sukutum ba, ba ta kuma dace da yashin jigawa ba.

1.0 Gabatarwa

Jima tsohuwar sana'a ce a ƙasar Katsinan Maraɗi. Fatar jar akuyar nan tamu, 'yar'uwar ta Sakkwato, tana cikin fatun da fatake suka daɗe suna ƙetare Sahara da su. Majemin gargajiya da toka da bagaruwa yake aikinsa, kuma duk warin da majema ke yi, babu kuromiyam a ruwan da yake zubarwa. Masana'anta ce ta kawo shi. Wani Bajamushe, Friedrich Knapp, ya bayyana yadda ake jima da gishirin kuromiyam a 1858, Augustus Schultz kuma ya mayar da ita hanyar kasuwanci a Amurka a 1884. Abin da bagaruwa ke shafe kwanaki tana yi, kuromiyam cikin yini guda yake gamawa, ga fatar da laushi da jure zafi. Shi ya sa a yau wajen kashi 80 cikin 100 na fatun duniya, ko fiye, da shi ake jeme su. Sai dai fata ba ta shanye duk abin da aka zuba mata. A jimar da aka saba yi, kusan kashi ɗaya cikin uku na kuromiyam yana bin ruwan wanki ya fita.

Kano ce babban misali a kusa da mu. Masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai sun shafe shekaru ruwansu na gangarawa kogin Challawa da rafukan Getsi da Jakara, masu lambu kuma suna ban ruwa da shi. Masu bincike daga Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello sun sha auna kuromiyam a wannan ruwa da ƙasar gefensa. Maraɗi ma ta taɓa samun masana'antar jima ta zamani, wato SONITAN. Ko babu masana'anta ma, fatar da aka jeme da kuromiyam tana shigowa kasuwanninmu kullum. Duk mai ɗinkin takalmi ya san ta: in an yanka, bakin yankan shuɗi-shuɗi ne mai ruwan toka. Guntayenta bola suke tafiya, bola kuwa ko a cinna mata wuta ko a kwashe ta a amalanke zuwa gona a matsayin taki.

Sarkin Yamma tana kusa da birnin Maraɗi, tana kuma cikin garuruwan da ke cin albarkar kwarin gulbi. Gulbin daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya wuce ta Jibiya ya shigo Nijar, ya bi ta Madarunfa da Maraɗi da Tibiri, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da Rima. A fadamarsa ruwan ƙasa kusa yake, rijiyoyin lambu ba su da zurfi, in kuma ya yi ambaliya yakan kwashi abin da ke nan ya shimfiɗa a can. Ambaliyar 1945 ce ma ta sa aka ɗauke birnin Maraɗi daga kwari aka mayar da shi kan tudu. Da wannan yanayi za mu auna dabarar.

2.0 Kuromiyam iri biyu

A cikin ƙasa kuromiyam yakan zauna a ɗaya daga siffofi biyu, Cr(III) da Cr(VI), waɗanda za mu kira kuromiyam-3 da kuromiyam-6. Na farkon shi ake jima da shi. Cajinsa + ne, yana maƙalewa jikin yumɓu da ruɓaɓɓen ganye, kuma da zarar ma'aunin tsami, wato pH, ya kai wajen 6 sai ya daskare ya daina narkewa a ruwa. Da ƙyar yake shiga ƙwayoyin jikin mutum. Na biyun ana samun sa a wuraren da ake rufa wa ƙarfe ƙyalli, da wasu kayan rini na masana'anta, da maganin gara na katako. A ruwa yana yawo ne da cajin −, yumɓu kuma shi ma − ne, don haka ƙasa ba ta riƙe shi da kyau, sai ya bi ruwa ya gangara rijiya. Siffarsa ta yi kama da ta salfet, wanda jiki ke buƙata, saboda haka ƙofar da salfet ke bi ita yake bi ya shiga ƙwayar halitta ya ɓata ta. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sa shi a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Shaƙarsa na kawo kansar huhu, yana huda tsakiyar hanci, yana bar wa ma'aikata gyambo a hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 0.05 a kowace lita a matsayin iyakar kuromiyam cikin ruwan sha. Shi ne gubar da ta shiga rijiyoyin garin Hinkley na Kalifoniya, inda shari'a ta ƙare a 1996 da biyan diyyar dala miliyan 333.

Masu masana'antar fata sukan ce nasu mai sauƙin ne. Gaskiya ne a ranar da ya bar masana'anta. Amma a 1979 Richmond Bartlett da Bruce James na Jami'ar Bamont a Amurka sun nuna cewa a ƙasa mai danshi, sinadarin manganis da ke cikinta yana iya mayar da kuromiyam-3 ya koma kuromiyam-6. Wuta ma tana yin haka. Idan aka ƙona guntayen fatar kuromiyam a sarari, musamman inda akwai toka ko farar ƙasa, wani kaso nasa yakan koma mai kisan, ya zauna cikin tokar yana jiran ruwan farko. A ganina, a yankinmu bolar da ake ƙonawa ta fi kududdufin majema cancantar a fara auna ta.

Auna kuromiyam-6 kuwa ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Akwai sinadarin difenilkabazayid, wanda in an ɗiga shi a ruwan da aka tace daga ƙasa sai ya rine ja mai ruwan shunayya, a karanta ƙarfin launin a tsawon haske na nanomita 540. Aiki ne da ɗakin gwajin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ya kamata ya mayar na yau da kullum. Rahoton da ya ba da jimillar kuromiyam kawai, bai rarrabe 3 da 6 ba, ba ya gaya wa mai gyara komai.

3.0 Yadda wuta ke tafiyar da guba

A farkon ƙarni na 19 Ferdinand Reuss ya lura a Mosko cewa idan aka ratsa jiƙaƙƙen yumɓu da wutar batir, ruwan cikinsa yakan matsa gefe guda. Daga shekarun 1930 injiniya Leo Casagrande ya yi amfani da wannan wajen tsane ƙasa mai laka don a samu yin gini. Sai a ƙarshen shekarun 1980 Reinout Lageman da abokan aikinsa a Holan suka fara gwada ta a fili wajen ciro ƙarafa masu guba, a 1993 kuma Yalcin Acar da Akram Alshawabkeh na Jami'ar Jihar Luwiziyana suka shimfiɗa ƙa'idojin da har yau ake komawa gare su.

Aikin kansa ba shi da wuyar bayani. Ana haƙa ramuka, a sa sanduna masu ɗaukar wuta, wasu a haɗa su da + (anod), wasu da − (katod). Wutar da ake bukata mai gudu hanya ɗaya ce, irin ta batir da faifan sola. A ɗakin gwaji an saba ba da bolt ɗaya a kowace santimita. Da wuta ta fara ratsawa, ƙwayoyin sinadari masu cajin + sai su doshi katod, masu − su doshi anod. Ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin yumɓu shi ma yakan ja jiki zuwa katod. Wannan jan ruwan ne ya bambanta dabarar da sauran hanyoyin gyaran ƙasa. Famfo ba ya iya tura ruwa ta cikin yumɓu, amma wuta tana iyawa, don ƙanƙantar ƙofofin yumɓu ba ta dame ta ba.

Wahalar tana wajen sandunan. Wuta tana fasa ruwan da ke kewaye da su. A anod tsami ke taruwa, pH ya sauko har wajen 2. A katod kuwa akasin haka, ruwan ya koma irin na kanwa, pH ya haura 11 ko 12. Tsamin yakan kutsa ƙasa daga wannan gefe, kanwar daga wancan, tsamin da saurin da ya kusa ninka na kanwa biyu, sai su yi karo a wani wuri da ya fi kusa da katod. Yanzu a duba halin kuromiyam a wannan fili. Kuromiyam-3, da tsami ya narkar da shi, ya kama hanyar katod, amma da ya iso inda kanwa ta mamaye sai ya daskare ya tsaya, bai kai ramin da za a kwashe shi ba. Kuromiyam-6 yana tafiya ɗaya gefen, zuwa anod, sai dai a ƙasa mai tsami ne ya fi maƙalewa, don haka shi ma yakan taru gab da sanda ya ƙi ƙarasawa. Gwaje-gwajen Krishna Reddy na Jami'ar Ilinoi da ke Shikago, a kan farin yumɓu da kuma ƙasa mai farar ƙasa a cikinta, sun nuna wannan hali a fili. Guba biyu, hanya biyu, kowacce da shingenta.

Masu bincike sun bi hanyoyi daban-daban wajen kauce wa shingen. Wasu suna ɗiga asid mai sauƙi, kamar na lemun tsami ko na binigar, a ramin katod don kada kanwa ta taru. Wasu suna zuba sinadarin bilic don su mayar da kuromiyam-3 ya zama 6 da gangan, tunda shi ya fi saurin tafiya. A kwalbar ɗakin gwaji wannan yana ba da lambobi masu burgewa. A fadamar da rijiyar lambu ke nesa da ramin da taku kaɗan, ban ga hujjar da za ta sa a yarda da shi ba: duk abin da ya kuɓuce wa sanda, rijiya ce za ta karɓe shi. Inda kuromiyam-3 ya daskare cikin ƙasa ba ya motsi, sau da yawa gara a bar kaza cikin gashinta, a rufe wurin, a hana ƙonawa da haƙa.

Hanyar da ta fi jan hankalina ita ce ta sandunan baƙin ƙarfe, wadda Andrew Cundy da Laurence Hopkinson suka gwada a Jami'ar Buraitin ta Ingila. Maimakon sandar da ba ta ci, sai a sa ƙarfe a anod a bar shi ya narke. Ƙarfen da ya narke yana shiga ƙasa, in ya haɗu da kuromiyam-6 sai ya mayar da shi 3, su daskare tare cikin wani ɓawon tsatsa a ƙarƙashin ƙasa. Ba a ciro gubar ba, an dai karya lagonta an ɗaure ta. Kayan aikin kuma rodi ne, wanda babu kasuwar da ba a samun sa.

4.0 Abin da fili ya nuna

Gwaji biyu na Amurka sun shafe mu. A 1996 cibiyar bincike ta Sandia ta gwada ciro kuromiyam-6 daga wani tsohon juji a Albakaki, jihar Sabuwar Meziko, ƙasa mai yashi da ƙarancin danshi. Don kada ruwan ramin sanda ya tsiyaye cikin ƙasa ya tura gubar ƙasa, sun saka sandunan cikin bututun tangaran mai ƙananan ƙofofi, suna riƙe ruwan da zuƙar iska. Dabarar ta yi aiki, amma bayan wajen wata shida abin da aka ciro bai kai kilo guda ba. Na biyun a sansanin sojan ruwa na Point Mugu ne a Kalifoniya, daga 1998, a wurin da aka taɓa zubar da ruwan rufin ƙarfe kusa da teku. A can gishirin ƙasar ya sa sakamakon fili ya gaza abin da ɗakin gwaji ya yi alkawari. Bushewa da gishiri: duka biyun muna da su.

5.0 Jigawa, fadama da gishiri

Manomin Sarkin Yamma ya riga ya raba ƙasarsa biyu. Jigawa yashi ce, ruwa na wucewa cikinta nan da nan, kuma in damina ta ɗauke sai ta bushe ƙarau. Wuta ba ta tafiya a busasshiyar ƙasa. In aka ce za a riƙa jiƙa ta, ruwan da aka zuba zai rigayi wutar, ya wanke kuromiyam-6 zuwa ƙasa. A irin wannan wuri haƙe ƙasar a kwashe, ko a cuɗa ta da sinadarin ƙarfe a inda take, ya fi sauƙi da arha. Fadama kuwa, inda yumɓu da laka suka yi yawa, nan ne sauran hanyoyin ke gazawa, nan ne kuma wuta ke da abin yi.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Ruwan sama a gundumar nan daga Yuni zuwa Satumba yake sauka. A cikin damina gulbi na iya shafe ramukan. A Afrilu da Mayu, da zafi ya wuce digiri 40, yumɓu na tsagewa, ga kuma zafin da wutar kanta ke haifarwa a ƙasa; sanda in ta rabu da jikin ƙasa aiki ya tsaya. Abin da ya rage shi ne daga Oktoba zuwa wajen Fabrairu, lokacin da fadama ke da sauran danshi. Wannan kuwa shi ne lokacin lambu. A yankin da gonaki suka tsuke kamar na Maraɗi, duk wanda zai killace wa manomi kadada a watannin tumatir da albasa da zogale, sai ya sa diyyar amfanin cikin kasafinsa tun farko.

Sai gishiri. Ana adana ɗanyar fata da gishiri, ana kuma ƙara shi a matakin jiƙo kafin jima, don haka duk inda sharar masana'antar fata ta zauna ƙasar na da gishiri. Wuta ba ta zaɓar abin da za ta ɗauka. Inda gishiri ya fi kuromiyam yawa, akasarin wutar a kan jigilar gishiri take ƙarewa. Abin da ya fi wannan muni, a anod gishirin yana sakin iskar kulorin, ita kuma kulorin tana iya yin aikin bilic ɗin da muka ƙi ɗazu, ta tayar da kuromiyam-3 ya koma 6 ba tare da kowa ya nufa ba. Farar ƙasar da ake cire gashin fata da ita, da kanwar da ke wasu fadamu, suna shanye tsamin anod su hana shi tafiya. Saboda haka samfurin ƙasa yana bukatar awo huɗu kafin a sayi waya ko mita ɗaya: kuromiyam-6 daban da 3, pH, yawan gishiri, da manganis.

6.0 Lissafin wuta

Wutar NIGELEC ta yankin Maraɗi ta layin Katsina take zuwa, kuma kowa ya ga abin da ya faru a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke ta. Aikin watanni ba zai dogara da ita ba. Faifan sola ya fi dacewa, domin irin wutar da ake so ita yake bayarwa kai tsaye, ba sai an juya ta ba. Batir ma ba dole ba ne. Wasu gwaje-gwaje sun nuna cewa kunnawa da kashewa lokaci-lokaci yana taimakawa, don a lokacin hutun gubar na samun sararin saki daga jikin yumɓu. Dare zai yi mana wannan kyauta.

Amma a yi lissafi. Abin da ake ba da rahoto na cin wutar wannan dabara yana kamawa daga gomiya zuwa ɗaruruwan kilowat-awa a kowace mita-kubik, gwargwadon ƙasa. Mu ƙaddara 200. Fili mai mita 10 sau 10, zurfin mita ɗaya, mita-kubik 100 ke nan, wato kilowat-awa 20,000. Faifan sola na kilowat 10 a ranar Maraɗi zai ba da wajen kilowat-awa 50 a yini. Kwana 400 ke nan, kuma tunda watannin aiki kaɗan ne a shekara, kusan rani uku. Hekta guda, ko da zurfin santimita 30 kawai aka nufa, mita-kubik 3,000 ce, kilowat-awa 600,000. Da waɗannan faifan, ko ana aiki duk shekara, sai an haura shekara 30. Wanda ya yi wa manoma alkawarin wanke musu gona da lantarki bai zauna da alƙalami ba. Wurin da dabarar ke da ma'ana shi ne gindin tsohon kududdufin masana'anta, ko bakin magudana, ko ƙasan bolar da aka daɗe ana ƙonawa.

7.0 Shawarar gwaji da abin da zai biyo baya

Ina ba da shawarar a fara da akwatin gwaji a jami'a, da ƙasar fadama ta ainihi wadda aka ɗebo daga kwarin nan, a kwatanta sandar rodi da sandar da ba ta ci, a kuma gwada da gishiri da babu gishiri. Akwai abu guda da ya kamata a jarraba a nan gida: ko tulun yumɓu marar shafe, irin wanda maginan tukwanenmu ke yi, zai iya tsayawa a matsayin bututun tangaran na Sandia. Yana tsatsar ruwa a hankali, yana da arha. Abin dubawa shi ne ko zai jure tsamin anod na watanni. In an fita fili, dole a killace wurin da waya saboda yara da dabbobi, a bar ramukan a buɗe ga iska saboda iskar kulorin da ta haidurojin da ke tashi daga sandunan, a kuma haƙa rijiyar sa ido a gefen da ruwan ƙasa ke gangarawa.

Ruwan da aka zuƙo daga ramin sanda ya fi ƙasar da aka ciro shi guba, don a tattare yake. In aka zubar da shi bayan shinge, tsugune ba ta ƙare ba. Sai a mayar da kuromiyam ɗinsa 3 da gishirin ƙarfe, a daskarar da shi, a ajiye lakar cikin ramin siminti a kan tudu nesa da gulbi. Masana'antun fata sun daɗe da sanin yadda ake daskarar da kuromiyam da magnisiya a sake narkar da shi a mayar tukunyar jima, kuma wannan, in an yi shi a bakin magudana, ya fi duk abin da muka tattauna arha. Dokar muhalli ta Nijar mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998 ta ɗora kuɗin gyara a kan wanda ya gurɓata, sai dai bolar unguwa ba ta da mai ita, don haka kuɗin irin wannan wuri a kan ƙaramar hukuma zai faɗa.

Ƙasar da aka yi wa aiki ba ta komawa noma washegari. Gefen anod yakan yi tsami, ƙananan halittun cikinta sun mutu, sai an zuba toka da takin dabbobi. Inda kuma aka bi hanyar rodi, gubar tana nan a ɗaure, manganis kuma na iya sake kwance wani kaso nata. Irin wannan fili yana bukatar awo bayan kowace damina, yana kuma bukatar a rubuta shi a littafin kwamitin filaye na ƙaramar hukuma, COFOCOM, da iyakokinsa da zurfinsa, yadda in an zo rabon gado ko sayarwa, wanda ya karɓa zai san ba a haƙa rijiya a nan.